Muna so a riƙa nuna wasan bolin a talabijin: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu wasu matasa ne mazauna Agege da Mile 12 da ke haɗuwa muna zuwa buga bolin, wasan nan da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan dogon layi don a zubar da kwalaben katako goma. Mun lura masu zuwa a kai a kai sai raguwa suke yi, wurin ya koma na masu biki da masu ɗaukar hoto. Muna so mu tara sa hannun jama'a mu kai gidajen talabijin, mu roƙi su riƙa nuna wasan ko mutane sa dawo. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yan'uwa. Niyyarku mai kyau ce, amma ku ajiye maganar tara sa hannu tukuna. Manajan shirye-shirye a kowane gidan talabijin, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, abu uku yake son ji: ina shirin, wa zai biya, wa zai kalla. Takarda mai sunaye dubu biyar ba ta amsa ko ɗaya daga ciki. Za a karɓe ta da fara'a, a ce za a duba, shi ke nan. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne ku shiga da shiri kammalalle a hannu, ga kuma kamfanin da ya yarda zai ɗauki nauyinsa.

Akwai kuma zaton da ya kamata a gyara tun yanzu, wato cewa da zarar an nuna wasa a talabijin masu buga shi za su ƙaru. Ku dubi Amurka, inda wasan ya fi ƙarfi. An kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan bolin ta PBA a 1958, kuma tashar ABC ta riƙa nuna gasarsu a ranakun Asabar da rana daga 1962 har 1997. Wasan ya yi tashen da a 1964 Don Carter ya sa hannu kan kwangilar talla ta dala miliyan 1 da kamfanin Ebonite mai yin ƙwallaye, abin da wani ɗan wasa bai taɓa samu ba kafin shi. A ƙarshen shekarun 1970 masu rajista a gasar lig, maza da mata, sun kai wajen miliyan 9. Daga nan adadin ya fara zubewa, alhali ana tsaka da nuna wasan duk mako. ESPN ta ɗauka daga baya, Fox ta karɓa a 2019, amma masu rajista yau ba su kai miliyan 2 ba. Mutane ba su daina zuwa ba, zuwan ne ya sake kama: a je sau ɗaya a yi nishaɗi a tafi, maimakon a ɗaure da ƙungiya mako bayan mako har fiye da rabin shekara. Masana'antun da ma'aikatansu ke kafa ƙungiyoyi sun ragu, filayen da gidajen wasan ke kai sun yi tsada an sayar, masu sauran gidajen kuma suka gano cewa mai biki ya fi ɗan lig kashe kuɗi. Abin da kuka gani a Legas ke nan, sai dai mu tun farko ba mu da lig mai ƙarfin da za a ce ya rushe.

Inda talabijin ya ɗaga wasa, wani ne ya zauna ya ɗinka wasan daidai jikin kyamara. BBC ta fara shirin sunuka (wasan buga ƙwallaye da sanda a kan tebur) mai suna Pot Black a 1969 don ta nuna amfanin talabijin mai kala, kuma zuwa 1985 mutum miliyan 18.5 ne suka kwana kallon wasan ƙarshe tsakanin Dennis Taylor da Steve Davis. Kamfanin Matchroom na Barry Hearn ya ƙirƙiro gasar bolin ta Weber Cup a 2000, Turai da Amurka, aka kafa layi ɗaya tal a tsakiyar zaure, 'yan kallo suka kewaye shi, Sky Sports ta nuna. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne dambe. Ba wanda ya kai koke gidan talabijin a kansa. Wasu ne suka riƙa ɗaukar damben da kyau suna sakawa a YouTube, irin su tashar Dambe Warriors, har kallo ya kai miliyoyi, sannan masu kuɗi suka waiwayo.

Saboda haka aikinku na farko lig ne. Ku nemi gidan bolin ɗaya, ku zauna da manajansa a kan lokacin da layukansa ke zaman banza, galibi Litinin zuwa Alhamis, ko safiyar Asabar da Lahadi kafin iyalai su cika wurin. Layin da ba kowa a kansa asara yake jawo masa, domin na'urar sanyaya ɗaki tana shan wuta ko da mutum ko babu, kuma tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit, ga tsadar dizal, ba manajan da zai ƙi kuɗin da ya tabbata duk mako. Ku nemi ragi a kan alƙawarin makonni, ku biya gaba. In wurin yana da layi 8, ƙungiya 8 ke nan, kowace da mutum 4, jimla 32. Kowace karawa tana cin layi biyu, ana musanya layi bayan kowane zango (wasa ɗaya zango goma ne, a kowane zango mutum yana da damar jifa biyu) don kada wani ya ce nasa layin ya fi santsi. Wasa uku kan ɗauki awa biyu zuwa biyu da rabi. Kowa ya kara da kowa sau ɗaya, mako 7 ke nan, sai mako na takwas a yi na ƙarshe. Kada ku wuce haka a karon farko. Wanda zai taso daga Agege ya ƙetare gadar Third Mainland zuwa Lekki ko Victoria Island ba zai ɗauki alƙawarin wata shida ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Dole ku sa makin tallafi, in ba haka ba sababbi za su gudu a mako na uku. Lissafin da aka saba shi ne a cire matsakaicin makin mutum daga 220, a ba shi kashi 90 cikin ɗari na abin da ya rage. Mai matsakaicin 140 zai sami ƙarin 72 a kowane wasa, mai 190 zai sami 27. Ta haka sabon shiga zai iya kayar da gwani ranar da hannunsa ya yi kyau. A rubuta makin kowa duk mako a fitar a zauren WhatsApp na lig ɗin, domin wannan jadawalin shi ne shaidar da za ku nuna wa mai ɗaukar nauyi. Ku kuma yi wa ƙungiyar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don ku buɗe asusun banki da sunanta (babu kamfanin da zai tura kuɗi asusun wani mutum), sannan ku kai takardar gabatar da kai Hukumar Wasanni ta Jihar Legas.

Sunayen ƙungiyoyin su zama na unguwanni: Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende, Alaba Rago, Ijora. Mai sayar da tumatir a Mile 12 bai san dokar bolin ba, amma in ya ji 'yan Agege sun ci unguwarsa zai tambayi yadda aka yi.

Sai tsarin shirin kansa, kuma a nan aka fi yin kuskure. Gasa ta yau da kullum, mutum talatin suna jifa a layi takwas lokaci ɗaya, ba ta kalluwa. Ido bai san inda zai tsaya ba. Tsarin da Amurkawa suka daɗe da shi a talabijin shi ne na hawan tsani: na biyar ya kara da na huɗu, wanda ya ci ya hau ya sami na uku, haka har a kai ga na ɗaya da ke zaune yana jira. Ku rage shi zuwa mutum huɗu, karawa uku. Wasan mutum biyu yana cin kamar minti 20, in an yanke jiran dawowar ƙwallo da goge hannu zai sauko 13 zuwa 15, ukun su shiga shirin awa ɗaya. Ku sani awa ɗaya a talabijin minti 48 zuwa 52 ne, rabin awa kuma 24 zuwa 26, sauran na talla ne. In ƙungiyoyi kuke so a gani, akwai tsarin Baker: mutum biyar, ba huɗu kamar a lig ba, suna buga wasa ɗaya tare, na farko ya ɗauki zango na 1 da na 6, na biyu na 2 da na 7, har na biyar ya rufe da na 5 da na 10. Yana da sauri, kowa yana ihu a bayan ɗan'uwansa, kuma nauyin duka yana sauka a kan mutum ɗaya a ƙarshe. A ganinmu shi ya fi dacewa da Legas, domin yana rufa asirin rashin ƙwararru: jifa ɗaya mara kyau ba ya kashe shirin.

Lissafin maki ma matsala ne. A tsarin gargajiya, wanda ya yi sitiraik, wato ya zubar da goman da jifa ɗaya, yana samun 10 da abin da jifa biyu na gaba suka kawo. Wanda ya yi sifeya, wato ya kammala su a jifa na biyu, yana samun 10 da jifa ɗaya na gaba. Sitiraik 12 a jere shi ne 300. Illar wannan ga mai kallo ita ce makin da ke allo kullum yana baya, bai san wa ke gaba ba. Hukumar bolin ta duniya ta fito da wani lissafi saboda haka: sitiraik 30 ne nan take, sifeya 10 ne da adadin da jifan farko ya zubar, zango goma, ƙololuwa dai 300. Ku yi amfani da wannan a shirin, ku bar na gargajiya a lig. In kun nace sai na gargajiya, to allon ya riƙa nuna abu biyu a kowane lokaci, tazarar da ke tsakani da iyakar makin da kowa zai iya kaiwa.

Kyamara huɗu sun isa. Ta farko a bayan mai jifa, a ɗage sama da kansa, daidai tsakiyar layi, domin daga layin haramci (wanda mai jifa ba ya ƙetarewa) zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne, mita 18 da ɗoriya, kuma daɗin kallon yana cikin ganin ƙwallon ya nufi bakin kwata (ramin da ke gefen layi) sannan ya lanƙwaso ya shiga tsakanin kwalba ta 1 da ta 3. Ta biyu a kusa da kwalaben, a ɗaure ta sama a kan layin maƙwabta, ba a ƙasa ba, saboda kwalba mai nauyin kilo ɗaya da rabi in ƙwallo mai kilo 7 ya daka ta takan yi tsalle ta fasa gilashin kyamara. Ita ce za ta ɗauki hoto 50 ko 100 a daƙiƙa don a maimaita a hankali. Ta uku tana gefe tana kallon fuskar mai jifa. Ta huɗu a hannu, tana bin 'yan ƙungiya da 'yan kallo. Ƙaramin injin haɗa hoto irin ATEM Mini yana karɓar kyamara huɗu, ko a yi da kwamfuta mai manhajar OBS ko vMix. Wayar HDMI tana fara yanke hoto in ta wuce mita 10 zuwa 15, don haka kyamarar kwalabe sai da wayar SDI da abin juyawa a bakin kowane gefe.

Wuta ita ce za ta fi ba ku wahala. Gidajen bolin na nishaɗi suna rage haske su kunna fitilu masu launi, kyamara kuwa ba ta son haka, hoton zai fito da dusa-dusa kuma fuskar baƙin mutum ta ɓace. A kunna farar fitila duka, a ƙara fitilun LED daga gefe. Kada a haska layin kai tsaye, domin an shafe shi da mai kuma zai mayar da hasken cikin kyamara kamar madubi. Tsofaffin fitilu masu zafi kuma suna sauya yanayin man, ƙwallo ya daina bin hanyar da aka san shi da ita. Wutar Najeriya mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, saboda haka a saita kyamarori a hoto 25 ko 50, saurin ƙyaftawa ɗaya bisa 50 ko ɗaya bisa 100. Wanda ya bar kyamara a saitin Amurka na 30 ko 60 zai ga baƙaƙen layuka suna yawo a hoton, kuma da wuya a gyara su a wurin tacewa. Duk kayan ɗauka su hau inbata ko UPS, domin daƙiƙun da ke tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta sun isa su lalata fayil ɗin da ake naɗa, su kuma goge makin da ke kwamfutar layin. A ajiye mutum ɗaya yana rubuta maki a takarda.

Abu biyu da ba a cika tunawa ba. Na ɗaya sauti: ƙarar zubewar kwalabe ita ce rabin daɗin wasan, don haka a ajiye makirufo ɗaya a can kusa da su, a kuma kashe kiɗan gidan gaba ɗaya, in ba haka ba YouTube zai kama waƙar wani a ciki ya toshe bidiyon ko ya kai kuɗin tallan ga mai waƙar. Na biyu laimar Legas: in sanyin ɗaki ya yi rauni, dandamalin da ake takawa kafin jifa yakan yi danƙo, takalmin ya ƙi zamewa, mutum ya kife gaba da ƙwallo a hannu. A kunna na'urar sanyaya ɗaki awa biyu kafin a fara, a hana shiga da jiƙaƙƙen takalmi, kuma kada wani ya barbaɗa hoda a wurin, domin na bayansa zai sulɓe. A roƙi gidan ya wanke layukan biyu ya sake shafa mai da safiyar ranar. Man yakan rufe kamar ƙafa 40 na farko, ya fi yawa a tsakiya, kuma layin da yara suka yini suna jifa a kansa ba ya nuna gwanintar kowa.

Mai sharhi biyu: ɗaya ya san wasan, ɗaya ya iya baki. Na biyun ya fi muhimmanci. Ku saurari yadda ake kirari da zuga a filin dambe ko sharhin ƙwallo a rediyo, irin wannan zafin ake so. A naɗi sharhin Hausa daban, na Turancin buroka daban, a kan hoto ɗaya, sai ya zama kuna da kaya biyu na sayarwa: ɗaya ga tashoshin Hausa irin Arewa24 da NTA Hausa, ɗaya ga na Legas irin LTV da TVC. Kafin kowace karawa a saka minti ɗaya na gabatar da ɗan wasa a wurin sana'arsa, mai canji a bakin teburinsa, mai shayi yana fifita wuta, ɗalibi a bakin makaranta.

Kada ku fara da shirin kai tsaye. Tsadarsa ta ninka, kuma in inji ya maƙale da kwalba ba abin da za ku cike gurbin da shi. Ku naɗa, ku tace. Gidajen talabijin a nan suna lissafi da zangon mako 13, kuma ana iya ɗaukar shiri uku ko huɗu a yini ɗaya in 'yan wasa sun zo da rigunan canji, wato kwana huɗu sun ishe ku zango guda. Amma tun kafin nan ku yi shiri ɗaya na gwaji da gajeren talla na minti biyu, ku yanka guntaye na daƙiƙa 30 zuwa 60 ku zuba a TikTok, Facebook da YouTube na tsawon wata biyu ko uku. Alƙaluman kallon da suka taru su ne sa hannun da manaja yake girmamawa.

Yarjejeniya da tasha iri uku ce. Ko ku sayi fili ku sayar da tallan ciki da kanku, wanda shi ne aka fi yi da masu shirye-shirye masu zaman kansu. Ko ku ba da shirin kyauta a raba mintocin talla. Ko tasha ta saya, abin da ba ya faruwa ga sabon wasa. Ku nemi na biyu, ku shirya wa na farko. A rubuce a sa rana da lokacin da ba za a riƙa matsar da shi ba, da cewa in an ture shirin saboda wani taron kai tsaye za a biya ku da wani lokaci mai daraja ɗaya, da maimaici sau ɗaya a mako, da takardar shaidar watsawa da za ku kai wa mai ɗaukar nauyi. Mafi muhimmanci, haƙƙin sakawa a intanet ya zauna a hannunku. Tallan da zai fita a ciki kuma sai ya bi ta tantancewar ARCON, hukumar kula da tallace-tallace, ku ba wannan lokaci. Wajen zaɓen lokaci, ku nisanci Asabar da Lahadi daga rana zuwa dare muddin ana Firimiyar Ingila, ba za ku ci wannan yaƙin ba. Yuni da Yuli, in babu babbar gasar ƙasashe, gidajen kallo suna neman abin nunawa, kuma kai musu shirin a filasha kyauta ba zai ci muku komai ba. A kauce wa lokacin magariba, a kuma duba kalanda kada zangon ya faɗa cikin azumi.

Masu saurin ba da kuɗin wasanni a Legas su ne kamfanonin caca da na giya, kuma da kun karɓa kun rasa iyaye da malamai da tashoshin Arewa a lokaci ɗaya. Ku nufi kamfanonin waya, bankuna da masu na'urar POS, masu taliya, madara, shayi da lemo, waɗanda dama kasuwarsu tana hannun 'yan Arewa mazauna Legas. Kyautar gasa ta fito daga aljihun kamfanin. Kuɗin da 'yan wasa ke biya ya tsaya a kan hayar layi kawai, don kada a ce an tara kuɗi ana ci da juna.

Duk wannan ba zai ƙara mutum ɗaya a layi ba in wanda ya kalla bai san inda zai je gobe ba. Kowane shiri ya ƙare da sanarwa ɗaya: rana kaza, wuri kaza, koyarwa kyauta ga sabon shiga, ga lambar da zai faɗa a ƙofa a rage masa kuɗi. A tanadi bas ɗaya daga Agege ko Mile 12 ranar, domin kuɗin mota da goslo sun fi kuɗin wasan korar mutane. A ware lokacin mata da na 'yan makaranta. Mai koyarwa ya tsaya a kan abubuwa kaɗan: ƙwallon da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin mutum ba, taku huɗu, ido a kan kibiyoyin da ke zane a layi maimakon kwalaben, kuma a zo da safa saboda takalmin haya. Yara a ɗaga musu shingen kwata. Wanda ya jefa sau goma duk a kwata ranar farko ba zai dawo ba.

A ƙofa a ajiye rajista: suna, unguwa, inda ya ji labari. Bayan mako huɗu a ƙirga nawa ne suka dawo sau biyu ko fiye, nawa ne suka shiga lig na gaba. In kallo ya yi yawa amma masu dawowa kaɗan ne, ku koma kan farashi da mota da lokaci kafin ku sake kashe ko kwabo a kan fili a talabijin.